Ƙofofin Akaza

Kwana uku Akaza ba ta taɓa karan dawa ba.
Ba ta yi nishi ba, ba ta kwanta ba,
ta dai tsaya, kunnuwa a sauke,
kamar mai jiran a kira sunanta a gaban alƙali.
Gangar ruwa na kan karo tana shan rana,
unguwa na aiko yara: Baba Tijjani, yau ma babu?

Ni na riga na gwada wayona.
Na cusa ƙwaya cikin dabino na miƙa mata,
ta tauna, ta lumshe ido, ta haɗiye zaƙin.
Da safe na tsinci ƙwayar, fara tas, a gindin turke.

Dakta Mahasin ta zo bayan ruwan sama,
baƙar lakar Gadarif ta ƙwace mata takalmi ɗaya a ƙofar gida.
Ta ce, jaki ba ya kai ƙara.
Ran da ka ga ciwo a fuskarsa,
ciwon ya daɗe da shimfiɗa tabarma.
Na nuna mata ƙwayar. Ta yi dariya har mayafi ya zame.
Magani baƙo ne, Baba,
kowanne da ƙofar da yake yin sallama.

Ta sa yatsa a gefen baki, inda haƙori bai tsiro ba,
ta zura sirinji marar tsini, ta matse a bayan harshe,
ta tallafi haɓa. Kaɗan, in ji ta, kaɗan,
kada baƙon ya ɓata hanya ya faɗa huhu.

Na tsoka a wuya ne,
tafin hannu ɗaya gaban kafaɗa,
ba can sama wajen geza ba, ba ƙasa inda ƙashi yake ba.
A ja baya tukuna. In jini ya leƙo, ba nan ba ne.
Yau dama, gobe hagu,
kada wuri ɗaya ya ƙullace ka.

Ta jijiya kuwa, ta ce wannan ƙofa ba tawa ba ce.
Da kanta ta aske gashi, ta danna da babban yatsa, ta jira.
Fatar jaki kauri gare ta,
jijiyarsa tana ɓuya bayan nama
kamar wanda ake bi bashi a bayan zana.
Da jini ya hau sirinji, jawur,
sai na ga ya kamata in ƙirga kajina.

Akwai wanda ake tsunkular fata a ɗaga kamar 'yar bukka
a zuba a ƙarƙashi.
Akwai na ɗigawa a ido, inda ƙudaje suka kafa kasuwa.
Akwai roba ta hanci har ciki,
na ce Allah kada ya kai mu can.

Sai ta zo kan gyambon ƙirji,
inda igiyar karo ta shekara bakwai tana cin abincinta,
inda nake shafa baƙin man inji in ce na yi magani.
Ta wanke da ruwan gishiri. Ta daɗe tana wankewa.
Ba ta dube ni ba.
Ta ce kawai, a naɗe igiyar da tsumma mai laushi.
Da zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Asuba biyar ina zuwa turke, hannuna na rawa,
ina auna wuya da tafi, ina ba ta haƙuri.
A ta huɗu, kafin liman ya sallame,
na ji ƙurus, ƙurus daga bayan ɗaki.
Ban taɓa sanin tauna kara na iya sa dattijo hawaye ba.

Ran nan Ikhlas ta share ɗakina.
Ƙarƙashin buzu ta tsinci ƙwaya goma sha ɗaya,
na hawan jini, waɗanda nake ce mata na sha.
Ba ta ce uffan ba.
Da magariba ta kawo shayi,
da dabino guda a faranti, an tsaga cikinsa an mayar.
Ta ja kujera ta zauna.
Maƙogwarona take kallo.